ZARE: Me ya kamata a saka a ɗakin ibadar da aka kashe masu shi?

1/
Jama'a, zaren yau dogo ne, ku gyara zama. A ce an danƙa maka tsohon ɗakin ibada mai shekara kusan 500. Mutanen da ke ibada a cikinsa an kwashe su an kashe. Aka ce ka tsara wurin tunawa da su a ciki. Me za ka saka? Me za ka ƙi sakawa? 🧵

2/
Ga amsata tun yanzu, saboda waɗanda ba za su kai ƙarshe ba: ka rubuta sunayensu, ka bar ginin da kamarsa ta ɗakin ibada, bayanin yadda aka yi kisan kuma ka ware masa wani ɗaki a gefe. Hotunan gawa da manyan allunan bidiyo kada su shiga zauren ibadar. Bari in kawo dalilai.

3/
Misalin da zan fi riƙewa shi ne majami'ar Pinkas da ke Prag, babban birnin Jamhuriyar Cek. In na ce majami'a a zaren nan, wurin ibadar Yahudawa nake nufi. Iyalin Horowitz ne suka gina ta a 1535, tana manne da tsohuwar maƙabartar Yahudawan birnin. Ba wata babba ba ce.

4/
A watan Maris na 1939 sojojin Hitler suka mamaye Bohemiya da Morabiya, wato ƙasar Cek ta yau. Daga ƙarshen 1941 aka fara loda Yahudawan yankin a jiragen ƙasa. Yawanci Terezin ake fara kai su, wani tsohon garin soja mai nisan kamar kilomita 60 daga Prag. Daga can sai gabas, sansanonin kisa irin su Auschwitz da Treblinka.

5/
Kusan mutum 80,000 daga yankin nan kaɗai ba su dawo ba. Amma kayansu sun tsira. A 1942 ma'aikatan al'ummar Yahudawa suka nemi a tattaro kayan majami'un da ake rufewa zuwa Prag don kada su salwanta, 'yan Nazi suka amince. Naɗaɗɗun littattafan Attaura, labule, fitilu, kayan azurfa, dubbai a kan dubbai.

6/
Yawancin waɗanda suka yi aikin jera kayan da rubuta su a rajista, su ma daga baya aka tura su sansani. Da yaƙi ya ƙare a 1945, sito cike yake da kaya, masu kayan babu. Don ku gane yawansu: naɗaɗɗun Attaura 1,564 aka kai Landan a 1964 daga cikin wannan tarin.

7/
To shugabar gidan tarihin Yahudawa na Prag bayan yaƙi, Hana Volavková, ba abin nunawa ta rasa ba. Abu mafi sauƙi shi ne ta cika Pinkas da akwatunan gilashi, a jera azurfa, a haska fitila, baƙi su zo su ce kai, wannan kaya da kyau. Ba ta yi haka ba.

8/
An bar zauren kusan wayam. Aka kira masu zane biyu, Václav Boštík da Jiří John, suka shafe kimanin shekara biyar a shekarun 1950 suna rubuta sunayen waɗanda aka kashe a jikin bango, da hannu, suna bayan suna. Sunaye 77,297. Aka buɗe wa jama'a a 1960.

9/
Tsarin rubutun ba shi da wuya. Sunan gari da ruwan ɗorawa, sunan iyali da ja, sunan mutum da baƙi, sai ranar haihuwarsa, sai rana ta ƙarshe da aka san yana raye. Ga mutane da yawa wannan rana ta ƙarshe ita ce ranar da aka saka su a jirgi. Mutanen Prag suna babban zaure, na sauran garuruwa suna ɗakunan gefe.

10/
Ku ɗan yi lissafi. In ka ba kowane suna sakan ɗaya tak, ba ci ba sha ba hutu, sai ka yi awa 21 da ɗoriya kafin ka gama. Kuma tunda iyali-iyali aka jera su, idonka da kansa zai haɗa: wannan uba ne, wannan uwa, waɗannan ukun 'ya'yansu ne, ga ranar ƙarshe iri ɗaya.

11/
Me ya sa na ce suna ya fi komai? Domin suna na cikin abubuwan farko da aka ƙwace musu. Daga 1939 dokar Jamus ta tilasta wa Yahudawa maza su ƙara Isra'ila a sunansu, mata su ƙara Sara, don a gane su a takarda. A Auschwitz kuwa lamba ake yi wa fursuna a fatar hannu.

12/
Sannan galibinsu ba su da kabari. An ƙona gawawwakin, ko an zuba su a rami ɗaya. Jika ba shi da inda zai je ya tsaya ya ce nan kakata take. Bangon Pinkas, da ke dab da maƙabarta, shi ya zama musu madadin dutsen kabari.

13/
Misali: Madeleine Albright, tsohuwar sakatariyar harkokin wajen Amurka. Ko me kake ji game da siyasarta, kuma na san da yawanmu ba ma yi da ita, a Prag aka haife ta, ta tashi a matsayin Kirista. A 1997 ne labarin asalinta na Yahudawa ya fito. A shekarar ta je Pinkas, ta ga sunan kakanninta na wajen uba a bango.

14/
Da akwatin azurfa aka saka a wurin, me za ta je ta nema? Wannan ce tambayar da nake so duk mai tsara irin wurin nan ya fara yi wa kansa: in jikan mamaci ya shigo, zai sami nasa a ciki?

15/
Abu na biyu: ginin kansa shi ne babban abin nunin. A Pinkas dandamalin tsakiya inda ake karanta Attaura yana nan. Ma'ajiyar Attaura da ke bangon gabas, alƙiblarsu ta Ƙudus, tana nan. A gefenta biyu aka rubuta sunayen sansanonin da aka kai mutanen. Benen mata yana nan. Ran Asabar kuma wurin a rufe yake.

16/
Mai shiga yana gane cewa nan an yi addu'a, an ɗaura aure, an kawo yara karatu. Sai ya waiga ya ga ba kowa sai sunaye. Ba sai an rataya masa allo an ce "ka ji baƙin ciki" ba. Ɗakin da aka gina don taron jama'a, in ya zama fayau, shi da kansa yana ba da labari.

17/
Ga abin da ke faruwa in aka raina gini. A birnin Essen na Jamus akwai wata ƙatuwar majami'a da aka gama a 1913. An cinna mata wuta a daren farmakin Nuwamba 1938, cikinta ya ƙone, bangon ya tsaya. Ta kuma tsallake bama-baman yaƙi.

18/
A farkon shekarun 1960 hukumar birnin ta mayar da ita gidan baje kolin kayan masana'antu. Aka cire abin da ya rage na ma'ajiyar Attaura, aka rufe adon ciki, aka saka silin. Abin da wutar 'yan Nazi ta bari, gyaran zamani ya ƙarasa. Sai da gobara ta tashi a 1979 kafin aka sauya tunani, a 1980 ta zama wurin tunawa.

19/
Wannan darasi ne ga masu zanen gini. Mutum yana iya zuwa da kyakkyawar niyya da kuɗin kwangila ya goge tarihi. Fenti sabo, tayil mai sheƙi, fitila ko'ina, sai ka wayi gari tsohon ɗakin ibada ya koma kamar ɗakin taron otal.

20/
Berlin ta bi wata hanya. Sabuwar Majami'a da aka buɗe a 1866 tana ɗaukar mutum wajen 3,000. A daren Nuwamba 1938 wani jami'in ɗan sanda ya tare masu ƙone-ƙone har aka kashe wutar. Bama-baman 1943 suka lalata ta, a 1958 aka rushe ragowar babban zauren.

21/
Da aka zo gyara, aka sake buɗewa a 1995, gaban ginin da ƙubbarsa aka farfaɗo. Babban zauren ba a sake gina shi ba. An bar filin a buɗe, an yi alamar inda bango ya taɓa tsayawa. Ni ina ganin daidai suka yi. Da an gina sabo fil, da baƙo ya fita da tunanin ai komai ya dawo.

22/
Yanzu ga ƙorafin da na san zai zo. Wani zai ce: malam, 'yan zamaninmu ba sa karatu. Bango cike da rubutu wa zai tsaya? A saka bidiyo, a saka sauti mai tayar da tsigar jiki, a nuna tulin gawa, shi ne abin zai shiga rai.

23/
Matsala ta farko: hotunan da aka ɗauka ana tsakar kisa, yawanci makasan ne suka ɗauke su. Mutum a tsirara, cikin tsoro, a yadda mai kashe shi ya so a gan shi. Ka ɗauko wannan ka manna a ɗakin da kakansa ya yi ibada? Wulaƙanci ne karo na biyu. In mahaifiyarka ce a hoton, za ka yarda?

24/
Matsala ta biyu: mun fi kowa sanin yadda ido ke sabawa. Bidiyon gawa nawa ya wuce ta wayarka a watan nan? Na farko ya hana ka cin abinci. Na hamsin, ka ja allo ka wuce zuwa ƙwallo. Firgici ba ya jimawa. Sunan yarinya 'yar shekara shida a gefen na uwarta ya fi zama a rai.

25/
Kuma wurin da aka tsara shi don kallo, kallo za a zo yi. A 2019 sai da gidan tarihin Auschwitz ya fito a Twitter yana roƙon baƙi su daina ɗaukar hoto suna tafiyar wasa a kan layin dogon da ya kawo mutane mahallaka. In ka gina abin da ya yi kyau a selfi, kada ka yi mamakin abin da zai biyo baya.

26/
Wani zai ce to Ruwanda fa? A cocin Nyamata, inda aka kashe dubban 'yan Tutsi a Afrilun 1994, tufafin mamatan suna nan a cikin coci, ƙasusuwa suna ƙarƙashin ƙasa, ana gani. Gaskiya ne, kuma ba na sukarsu ko kaɗan.

27/
Bambancin shi ne a Nyamata cikin cocin aka yi kisan. Ramukan harsashi a rufin kwano shaida ce da ke wurinta. Mutanen Pinkas kuwa ɗaruruwan kilomita nesa aka kashe su. Abin da ginin ya shaida rayuwarsu ce. Kowane gini ya faɗi abin da ya gani, kada a ɗora masa na wani.

28/
Ga ƙorafin da na fi ɗauka da muhimmanci. Bango mai sunaye yana gaya maka wa ya mutu. Ba ya gaya maka wa ya kashe, wa ya rubuta jerin, wa ya tuƙa jirgi, wa ya gaji gidan maƙwabcinsa. In aka tsaya a shiru da juyayi kawai, sai abin ya zama kamar annoba ce ta faɗo daga sama.

29/
Shi ya sa nake son tsarin Budapest, babban birnin Hangari. Cibiyar tunawa da aka buɗe a 2004 tana harabar majami'ar titin Páva, wadda Lipót Baumhorn ya zana a shekarun 1920. Ba su cusa bayanin a cikin majami'ar ba. Sun yi sabon gini a gefe, ɗakunan nunin suna ƙasa.

30/
A can ƙasa ake bi da kai mataki-mataki. Sunan nunin ma ya nuna hanyar: daga ƙwace haƙƙi zuwa kisan kiyashi. Tun 1920 Hangari ta yi dokar taƙaita shigar Yahudawa jami'a, lokacin Hitler ko kusa da mulki bai zo ba. Sai dokokin hana aiki, sai ƙwace dukiya, sai killacewa.

31/
Sannan 1944: daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Yuli, ƙasa da wata biyu, aka kwashe kimanin mutum 437,000, galibi zuwa Auschwitz. Jami'an Jamus da ke kula da aikin 'yan kaɗan ne. Jandarmomi da ma'aikatan gwamnatin Hangari ne suka tattara mutanen. Dole wurin tunawa ya faɗi wannan ƙarara.

32/
In ka gama da ɗakunan ƙasa masu duhu, sai ka hau ka fito cikin majami'ar, mai haske, da bencinan gilashi ɗauke da hotunan waɗanda aka kashe, hotunan da suka ɗauka suna raye. Kun ga jerin? Ilimi a ɗaki ɗaya, juyayi a wani. Kowanne da wurinsa.

33/
Pinkas ma tana da nata ɗakin gefe, a sama. Can aka ajiye zanen yaran Terezin. Wata mai zane 'yar Biyana, Friedl Dicker-Brandeis, wadda ta yi karatu a makarantar Bauhaus, tana tsare a sansanin tana koya wa yara zane da duk takardar da ta samu.

34/
Kafin a tura ta Auschwitz a Oktoban 1944, inda aka kashe ta, an ɓoye zanen a akwatuna biyu. Guda 4,387 ne a hannun gidan tarihin yau. Akwai gida, furanni, teburin abinci, akwai kuma ɗakin kwanan sansani. Da yawa yaran sun sa sunansu a jiki. Yawancin yaran ba su tsira ba.

35/
Wannan shi ne irin hoton da na yarda a saka. Abin da yaro ya zana da hannunsa ya sa sunansa. Shi ya zaɓi abin da za ka gani. Ka sauko ƙasa kuma kana iya neman sunan wannan yaron a bango.

36/
Kada a ɗauka sunaye abu ne mara haɗari ga masu mulki. A 1968, shekarar da tankokin Tarayyar Sobiyat suka shiga Prag, aka rufe Pinkas. Dalilin da aka bayar danshi ne, kuma danshin akwai shi. Amma shekara guda kafin nan gwamnatin kwaminis ta yanke hulɗa da Isra'ila. Sunayen suka gushe daga bango, wuri ya zauna a rufe fiye da shekara 20.

37/
Sai bayan faɗuwar kwaminisanci a 1989 aka dawo kansa. Tsakanin 1992 da 1996 aka sake rubuta sunayen, da hannu dai. A 2002 ambaliya ta shiga ta ɓata na ƙasa, aka sake gyarawa. Mai tsara irin wannan wuri ya sani: aikin ba ya ƙarewa ranar yanke ƙyalle. Wa zai kula da bango bayan shekara 30?

38/
Na san akwai masu jiran su rubuta min: "Ana kashe mutane a Gaza kai kana nan kana mana tarihin Yahudawa." Na ji ku. Yaran Terezin an kashe su kafin a kafa ƙasar Isra'ila a 1948. Ba su jefa bam kan kowa ba. Jin zafin Gaza ba ya buƙatar ka musanta su ko ka yi dariyar mutuwarsu.

39/
Kuma ku duba abin da Falasɗinawa da kansu suka yi. A Oktoban 2023, da shugaban Amurka Joe Biden ya nuna shakku kan adadin mamata, ma'aikatar lafiyar Gaza ta fitar da jerin sunaye fiye da 6,700, da shekaru da lambar katin shaida. Makamin da aka riƙe a Prag, shi suka ɗauka.

40/
Haka a Srebrenica ta Bosniya, inda aka kashe Musulmi maza da yara maza a Yulin 1995. A maƙabartar Potočari an sassaƙa adadi 8,372 a dutse, ga sunaye jere da shekarar haihuwa. Har yau akwai masu musun abin ya faru. Adadi ana iya jayayya da shi a gidan talabijin. Suna da ranar haihuwa da ɗan'uwa mai rai, musunsa da wuya.

41/
Ga mu Musulmi ma, Suratul Hajji aya ta 40 ta ambaci wuraren ibadar Yahudawa da na Kirista a jere da masallatai, a maganar kare su daga rushewa. Don haka batun mutunta irin wannan gini ba baƙo ba ne a wurinmu.

42/
Bari in dawo gida kaɗan. Ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2014 aka kai hari babban masallacin Kano, sama da mutum 100 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. In ba dangi ba, wa zai iya kawo sunan biyar daga ciki? Manoman Zabarmari na 2020 fa?

43/
Ba cewa nake a rubuta suna a bangon masallaci ba, masallacin yana aikinsa, ana salla sau biyar. Rajista nake nufi: suna, unguwa, shekaru, rana. A littafi, a ɗakin karatu, a intanet. Masu bangon Prag sun iya rubuta 77,297 ne saboda akwai takardun da suka tsira da mutanen da suka zauna suka tace su.

44/
A taƙaice, ga wanda aka ba irin wannan aiki:
• suna kafin kaya
• kada a sauya wa ɗakin ibada kama
• abin da aka rushe kada a yi kamar ba a rushe ba
• wa ya kashe da yadda aka yi, a faɗa dalla-dalla a ɗakin gefe
• hoton mamaci ya zama na lokacin da yake raye
• a tanadi mai kula da wurin

45/
Masu karatun zanen gini da na tarihi da ke nan, ina son jin ta bakinku, musamman kan na 23 da na 27, don nan na san za a fi ja da ni. Wanda kuma ya rasa wani a hare-haren da muka gani a Arewa, ko da ba za ka sa a nan ba, ka rubuta cikakken sunansa da ranar a wani wuri da 'ya'yanka za su samu. Nan zaren ya ƙare.